Zornitsa Balabanova, Likitar da Ta Bi Jan Zare

Haihuwa da asali

An haifi Dakta Zornitsa Balabanova ranar goma sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 1943, a ƙauyen Orehovets da ke gindin duwatsun Rodopi, tafiyar rabin yini a keken doki daga birnin Plovdiv na ƙasar Bulgeriya. Sunan mahaifinta Stoicho, mahaifiyarta kuwa Gergina, dukkansu manoman taba ne kamar iyayensu da kakanninsu. Allah bai ba su haihuwa ba sai 'ya'ya mata biyu: Donka, wadda aka haifa a 1939, sai ita auta. Haihuwarta ta faɗo a tsakiyar kakar tsinkar ganye, lokacin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa, har ana ba da labarin cewa sai da Gergina ta ƙarasa igiyar da take jera wa ganye kafin ta yarda a kira ungozoma.

Ta yi ƙuruciyarta a ƙarƙashin rumfar shanya, inda yaran ƙauyen ke zama da doguwar allura suna soke ganyen taba suna zura shi a igiya, har yatsunsu su yi baƙi da ƙaro, burodin da suka taɓa ma ya yi ɗaci. Donka ce ta fi kowace yarinya saurin hannu a Orehovets. Zornitsa kuwa ita ce ta ƙarshe, domin ba ta soke ganye uku ba tare da ta tsaya ta tambayi dalilin wani abu ba. Yayar ce ke cika mata igiyoyinta a ɓoye don kada uba ya yi faɗa, kuma wannan ɗawainiya Zornitsa ba ta taɓa mantawa da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare ta ƙauyen a shekarar 1950. Shekara uku bayan haka Donka ta bar karatu tana da shekara goma sha huɗu, ta tafi Plovdiv ta kama aiki a wata masana'antar taba, a sashen tantance ganye. A can ta koyi shan sigari kamar sauran matan sashen, waɗanda ke kunna kara ɗaya a kowane hutu da ɗan kofin gahawa a hannu. Da Zornitsa ta gama firamare a 1957 da sakamakon da ya ba malaminta kunyar ya bar ta ta koma gona, Donka ce ta zo da kanta ta ɗauke ta, suka zauna ɗaki ɗaya a wani gida kusa da tashar jirgin ƙasa, gado ɗaya, bargo ɗaya.

Ta kammala sakandare a 1961, ta samu gurbin karatun likita a birnin, ta fito a 1967. A tsakanin waɗannan shekaru Donka ta auri Zahari, wani direban motar haya ta gwamnati, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarar murya da son jama'a, wanda bai taɓa nuna wa ƙanwar matarsa cewa ita nauyi ce a gidan ba. Ranar da aka ba Zornitsa takardar shaidarta, Donka ta zauna a sahun gaba da sabon ɗankwali, tana gaya wa duk wanda ke kusa da ita cewa rabin takardar nan tata ce, domin ita ta wanke farar rigar shekara shida.

Fara aiki

An tura ta aikin farko ɗakin shan magani na ma'aikatan masana'antar da yayarta ke aiki, ta yi shekara tara a wurin. Tari shi ne ciwon gidan, kuma maganinsa ɗaya ne, a daina shan taba. Halin tambayarta bai bar ta ba, don haka ta ware littafi tana rubuta sunan duk wanda ya yi alkawarin dainawa da ranar da ya koma. Kafin shekara uku ta cika, littafin ya nuna mata abin da ba a koya mata a makaranta ba: maza da mata duk suna komawa, amma matan sun fi saurin komawa, sun kuma fi shan wuya a makonnin farko, ko da kuwa ba su kai mazan yawan sha ba. Da ta kai wa babban likitan wurin, bai ko buɗe littafin ba. Ya ce mata ai wannan sananne ne, mace ba ta da ƙarfin zuciya.

A gida ma hukuncin ke nan. A bazarar 1968 Zahari ya tsaya a kan gadar kogin Maritsa, ya jefa kwalin sigarinsa cikin ruwa a gaban abokansa, bai kuma sake sha ba. Daga ranar babu suna, babu biki, babu cin naman rago na ranar Waliyyi Jojis da ba zai miƙe da kofi a hannu ya ba da labarin gadar ba, kuma kullum da Donka yake rufewa.

"Ni sau ɗaya na daina, ya ishe ni. Uwargida kuwa gwana ce, ta fi ni iyawa, sau bakwai ta daina."

Jama'a su yi dariya, Donka ma ta yi, ta ce, "Zauna ka ci abinci, jarumin gada, kafin ya huce." Amma Zornitsa, da ta kwana gado ɗaya da ita shekara da shekaru, ta san dariyar ba ta kai ciki ba. Ta ga yayarta ta yi mako uku ba barci, sannan ta koma wa sigarin a ɓoye tana kuka. Ta san matar da ta riƙe gida da ƙanwa tun tana 'yar shekara goma sha takwas ba za a kira ta raguwa ba. Tun daga lokacin ta ƙudura cewa sai ta gano abin da ke riƙe da Donka, kuma sai ta kwance shi kafin taba ta ga bayanta.

Aure da 'ya'ya

A ranar ashirin da ɗaya ga Satumba 1969 ta auri Lyuben Karajov, mai gyaran agogo da rediyo a wani ƙaramin shago a tsohuwar kasuwa. Sun haɗu ne lokacin da ta kai masa agogon auna bugun jini, ya riƙe shi mako huɗu yana cewa bai gama ba, alhali gyaran bai wuce na rabin sa'a ba. Mutum ne marar yawan magana, mai haƙuri da ƙananan abubuwa. Bai damu ba da ta ci gaba da amfani da sunan gidansu, ya ce shi dai a riƙa kiransa idan abinci ya nuna. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyu: Boyan a 1971, da Nevena a 1974. Dukkansu a hannun Donka suka yi rabin tashinsu, domin gidajen biyu bene ɗaya ne, hawa biyu kawai tsakani.

Shiga bincike

A shekarar 1976 ta koma wata cibiyar nazarin magunguna da jijiyoyi da ke gefen birnin, ƙarƙashin Farfesa Asen Manolov, dattijo mai ilimi da barkwanci, wanda ba ya son a kawo masa sakamako mai hargitsi. Ta zaɓi ta yi digirinta na bincike a kan nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba mai kama mutum, da yadda yake taɓa wurin da ƙwaƙwalwa ke jin daɗi. Da ɓeraye ake irin wannan aiki, kuma ƙa'idar cibiyar, kamar ta yawancin ɗakunan bincike na wancan zamani, ita ce maza kaɗai ake gwadawa. Hujjar masana ita ce jikin mace yana juyawa daga rana zuwa rana, don haka tana ɓata awo. Matan da aka haifa a ɗakin kiwo, in an cire 'yan kaɗan na haihuwa, ana aika su ne gidan namun daji su zama abincin macizai.

Lyuben ne ya ƙera mata kejina arba'in a shagonsa. Kowane keji yana da kwalba biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwa da nikotin, da ɗan ƙwan lantarki da ke kamawa duk lokacin da aka sa kwalbar nikotin. Tsarin shi ne a bar ɓera ya saba, a janye kwalbar kwana goma, sannan a kunna fitilar a kan kwalbar da babu komai a cikinta sai ruwa, a ga sau nawa zai koma. Wata ƙa'idar kuma ta hana mai bincike shiga ɗakin dabbobin yayin gwaji, don kada son zuciyarsa ya shiga awo. Lambobi kawai ake kawo masa sama a takarda. Mai kula da ɗakin ita ce Gwaggo Velika, wata bazawara 'yar shekara sittin da ta yi shekara ashirin a wurin, wadda kowa ya san tana hira da ɓeraye kamar jikokinta.

Al'amarin watan Maris na 1979

A watan Janairun 1979 dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Sofiya, babban birnin ƙasar, motar da ke kawo ɓeraye ba ta iso ba. Duk da haka Gwaggo Velika ta aiko sama cewa arba'in sun cika, aka fara gwaji. Da sakamako ya fito a ƙarshen Fabrairu, ɓeraye ashirin da shida sun tafi layi ɗaya: sun koma wa kwalbar ruwan 'yan lokuta, suka gane ba komai, suka watsar. Sauran goma sha huɗu kuwa sun ƙi haƙura. Sun fi rikicewa a kwanakin da aka janye musu, kuma da zarar fitila ta kama sai su ruga, yau da gobe da jibi, ko da yake ruwa kawai suke samu. Farfesa Manolov ya duba takardar, ya ce ko kejinan mai agogo ne suka lalace ko kuma mai binciken ce, ya ba ta mako guda ta kawo dalili, in ba haka ba a soke batun a ba ta wani.

Ranar ɗaya ga Maris ta faɗo cikin wannan mako. Ranar ce kowa a ƙasarmu ke ɗaura wa ɗan'uwansa martenitsa, zaren nan ja da fari da aka murɗa tare, a sa shi a hannu ko a ƙirji har sai an ga shamuwar farko ta dawo, sannan a ɗaure shi a reshen itacen da ya yi fure. Tun da gwaji ya ƙare, Zornitsa ta sauka ƙasa don ta ɗaura wa Gwaggo Velika nata, da takardar lambobi goma sha huɗun a aljihu, lambobin da ta riga ta haddace saboda yawan kallo. Ta tarar tsohuwar ta yi wa kejinan ado, kowanne da ɗan zare a ƙofarsa. Sai dai ba murɗaɗɗe ba ne, wasu fari zalla, wasu ja zalla. Keji na uku ja ne. Na bakwai da na takwas ja. Ta bi layin tana ƙirgawa har ta kai goma sha huɗu, babu ko ɗaya da ya kuskure wa takardarta.

"Gwaggo, me ya sa waɗannan suka samu ja?"

"Ado ne kawai, 'yata. Farin ne ya ƙare."

"Ga ƙunshin fari can a kan taga."

Tsohuwar ta goge hannu a zanen aikinta, ta zauna a kan buhun dusa, ta ce, "To, a kore ni in an ga dama. Maza ashirin da shida gare ni, mota ba ta zo ba, ke kuma na ga idonki ya faɗa saboda aikin nan. Waɗannan 'yan matan ne da na ɓoye a ɗakin baya, ina ba su busasshen burodi. Ni ban iya miƙa wa maciji abin da na raina da hannuna ba. Na sa musu ja ne don kada in rikice, na sa wa mazan fari don kada a gane. Ai a martenitsa ma ja ce mace."

Zornitsa ta dubi kejinan masu jan zare. Abin da ya zo mata a rai ba digiri ba ne. Donka ce ta faɗo mata a rai, zaune a baranda da ɗan kofin gahawarta mai bakin zinariya, tana cewa ita ba hayaƙin ne ke kiranta ba, da ta ga kofin nan hannunta ke tafiya da kansa. Farin ciki ya kama ta har ta rungume tsohuwar ta ɗaga ta daga kan buhun, Gwaggo Velika na cewa a sauke ta, ƙugunta ba na wasa ba ne.

Da ta kai wa Farfesa labari, ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara talatin yana kashe kuɗin gwamnati a kan rabin halitta, sai ga mai share keji ta gyara masa. Amma ya ƙara da cewa ɓeraye goma sha huɗu ba hujja ba ne, tsegumi ne. Ya amince a sake gwajin da maza da mata daidai wa daida, ita kuma ta nemi alfarma ɗaya, cewa kada a taɓa aikin Gwaggo Velika. Ya ce ba zai kore ta ba, amma kada ta sake ta kusanci takardunsa da zare.

Sakamakon bincike

Daga 1979 zuwa 1982 ta maimaita gwajin sau uku, sakamako bai sauya ba. Ta kuma bi juyin jikin matan, wanda a ɓera kwana huɗu ne ko biyar, ta ga cewa a ranakun da wani sinadarin mata ya hau, ƙwaƙwalwa na sakin dofamin da yawa idan nikotin ya shiga, dofamin ɗin shi ne sinadarin da ke sa a ji daɗi a kuma so a ƙara. A wasu ranakun kuma jan yakan yi sauƙi. Ta gwada da giya da kuma mofin, maganin kashe zafi mai kama mutum, ta ga bambancin yana nan, ko da yake kowanne da irin nasa. Abin da masana ke kira ɓata awo, shi ne ainihin abin da ya kamata a auna. Ta kare digirinta a watan Yuni 1982, kuma a shafin godiya sunan Velika ne ya zo kafin na Farfesa, abin da ya yi ta ƙorafi a kansa cikin raha har ya yi ritaya.

Ba ta taɓa cewa ita ta fara gano wannan a duniya ba, kuma ta tsani a faɗa mata haka. Takan ce akwai masu irin wannan aiki a wasu ƙasashe da kayan da suka fi nata. Takan kuma gargaɗi ɗalibanta cewa zancen galibi ake yi, ba na kowace mace da kowane namiji ba, kuma ɓera ba mutum ba ne. Abin da ta fi tsoro shi ne a karɓe tsohon zagi daga bakin mutane a ba su sabo, a koma cewa ƙwaƙwalwar mace ce mai rauni.

Warakar Donka

A kakar 1982 Donka ta kwanta da tari mai tsanani, har aka ga jini. Hoton ƙirji ya nuna ba ciwon daji ba ne, amma huhun ya fara gajiya, kuma likitan ya faɗa mata ƙarara cewa in ba ta daina ba, nan da 'yan shekaru ba za ta iya hawa benen gidanta ba. A lokacin ta riga ta gwada dainawa sau goma sha ɗaya. Ta ce ba za ta yi na goma sha biyu ba, ta gaji da zama abin dariya, kowa ya san ita ba ta da zuciya. Wannan magana ta yi wa Zornitsa ciwo fiye da hoton.

Wata ranar Lahadi ta ɗauke ta zuwa cibiyar, ta shigar da ita ɗakin ɓeraye, ta kunna fitilar wani keji mai jan zare. Ɓerar ta ruga wa kwalbar ruwa. Ta bayyana mata komai dalla-dalla, Donka na saurare da hannu a ƙugu.

"Wato shekara ashirin ina wanke miki riga don ki zo ki gaya min ni ɓera ce?"

"Yaya, cewa nake wannan ɓerar ba ta da miji mai yi mata gori, ba ta da kunya, ba ta da alkawari. Ba zuciya ta rasa ba. Igiyar da ta ɗaure ta daban ce da wadda ta ɗaure namijin da ke kusa da ita. Sau goma sha ɗaya kina ƙoƙarin kwance taki da dabarar Zahari."

Donka ta tsura wa ɓerar ido. Can ta ce, "Baiwar Allah, ashe ke ma haka kike fama." Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin ɗankwali, ta ce, "To, likitar ɓeraye, faɗi yadda za a yi."

Zornitsa ba ta yi mata alkawarin komai ba, ta ce gwadawa za su yi. Suka zaɓi rana a cikin kwanakin watan da jikin Donka ya fi natsuwa, sai ta faɗo ɗaya ga Maris 1983. Kafin ranar aka kawar da duk wata fitilar da ke kiranta, wato duk abin da ke tuna mata da sigari. Kofi mai bakin zinariya ya koma gidan maƙwabciya, kujerar baranda ta sauka ƙasa, shayin furen itace ya maye gurbin gahawa. Aka nema mata canjin aiki daga sashen ganye zuwa gidan renon yaran ma'aikata. Hannun nan kuma da bai taɓa zama banza ba tun yana soke ganye, Gwaggo Velika ta cika shi da zare ja da fari ta koya masa murɗa martenitsa. Lyuben ya ja Zahari gefe ya yi masa magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa, labarin gada bai sake fitowa ba.

Da safiyar ranar Donka ta hau gidan ƙanwarta da karan sigari ɗaya, ta ɗaure shi da jan zare, ta miƙa mata. Ta ce, "Ajiye min. Ban yar ba, ni ba jarumar gada ba ce. Ranar da na tambaya ki ba ni, kada ki yi min wa'azi." Zornitsa ta sa shi a akwatin tabarau ta kulle a aljihun teburinta. Watanni uku na farko sun yi tsanani, gidajen biyu sun sha faɗa, kuma martenitsar da aka murɗa a lokacin ta isa a raba wa unguwa guda. Amma Donka ba ta tambaya ba. Da shekara ta zagayo ta hau benen ba tare da ta tsaya hutu ba, ta ɗaura wa ƙanwarta zare a hannu, ta ce, "Ajiyata na nan?" Aka ce tana nan, ko a ɗauko? Ta ce, "Bar ta, ba bana ba." Wannan tambaya da amsarta suka zama al'adar gidan a kowace ɗaya ga Maris.

Shekarun baya

A 1987 aka ba ta ɗakuna biyu a wani asibitin birnin, ta buɗe wurin taimakon mata masu son rabuwa da taba da giya da ƙwayoyin barci. Tambayarta ta farko ga kowace mace ita ce, mece ce fitilarki? Bayan sauyin mulki na 1989 cibiyar ta shiga ƙunci, aka rufe ɗakin dabbobi a 1993, shekara biyu bayan rasuwar Gwaggo Velika. A waɗannan shekaru hodar maye da ake ɗura wa jiki da allura ta shigo birnin, aka fara kawo mata 'yan mata da suka nutse cikin ɗan lokaci kaɗan. Ba duka ta iya cetowa ba, kuma ba ta ɓoye hakan a rahotanninta ba. Waɗanda suka tsira suna da yawa, kuma har yau akwai matan da ke tsayar da 'ya'yanta a kasuwa su nuna musu jikokinsu.

Donka ta yi ritaya ta kafa tebur a babban titin masu tafiya da ƙafa, tana sayar da martenitsa duk ƙarshen Fabrairu, har aka san ta da saurin hannu kamar dā. A bikin cikarsa shekara saba'in, Zahari ya miƙe da kofi ya ce yana da ikirari: kwalin da ya jefa a kogi a 1968 babu ko kara ɗaya a cikinsa, ya shanye su tun kafin ya hau gadar. Donka ta ce ta sani tun ranar, ita ta wanke wandon ta tarar da guntayen sigarin a aljihu, ta bar shi ne ya ji daɗinsa. An ce ba a taɓa dariya irin ta ranar a benen ba. Zahari ya rasu a 2008, Lyuben kuma a 2014. Zornitsa ta yi ritaya a 2006, ta koma gyara gidan iyayenta a Orehovets, inda ta shuka itatuwan ceri a tsohuwar gonar taba.

Rasuwa

Dakta Zornitsa Balabanova ta rasu ranar goma sha tara ga Maris 2019 a gidanta da ke Plovdiv, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya, tana da shekara saba'in da biyar, da zaren bana a hannunta. An yi mata addu'a a cocin Orehovets bayan kwana biyu, mata suka cika harabar har bakin hanya, aka raba dafaffiyar alkama kamar yadda aka saba. Da safiyar ranar Nevena ta buɗe aljihun teburin mahaifiyarta, ta kai wa gwaggonta akwatin tabarau. Kafin a rufe akwatin gawa, Donka ta matso da ƙafafunta, ba sanda, ba mai riƙe ta, ta fito da karan sigarin da ya bushe ya yi rawaya da jan zarensa, ta sa shi a tafin hannun ƙanwarta.

"Tafi da ajiyar, auta. Ba zan sake tambaya ba."

An binne ta kusa da iyayenta. A hanyar fita daga maƙabarta aka ga shamuwa biyu a kan hasumiyar coci, jama'a suka kwance zarensu suka ɗaura a itacen ceri da ke bakin ƙofa. Ta rasu ta bar 'ya'ya biyu, Boyan, injiniyan ruwa a Burgas, da Nevena, malamar makaranta a Plovdiv, da jikoki huɗu: Zornitsa ƙarama, Kalin, Velika da Stoicho. Ta kuma bar yayarta Donka, mai shekara saba'in da tara, wadda a ranar jana'izar ta cika shekara talatin da shida da kwana ashirin ba ta sha taba ba, kuma har yau da ƙafarta take hawa bene. Allah ya gafarta wa Zornitsa, ya sa ta huta.